Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ga Masu Neman Gasar Harbin Nesa A Ƙasashen Waje



Wani sabon kwaɗayi ya shigo wa samarinmu ta waya. Bidiyo ne na Turawa kwance rub da ciki a kan tudu, kowa da bindiga mai madubin hangen nesa. A harba, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a ji ƙarfe ya amsa daga can ƙarshen fili. Daga gama kallo sai tambaya ta biyo: ina ake shiga wannan gasa, nawa ne rajista, wa zai turo takardar gayyata? Abin har ya gangaro cikin labaran da ake kawowa a duba. Jarumi ɗan mai masana'anta ne a Bompai, ya hau jirgi ranar Laraba da bindigarsa a jaka, ya kunyata Turawa ranar Asabar, ya dawo Litinin ya tarar da budurwa tana kuka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Mu dai mun ce wannan tafiya ba ta yiwuwa yadda ake zana ta, kuma wanda ya ɗora buri a kanta ya fara gini daga rufi.

Gasannin suna nan, ba ƙarya ba ne. A Bisley ta Ingila ake yin mafi tsufa a cikinsu. An fara ta a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, aka mayar da ita Bisley a 1890, kuma har yau ana taruwa duk watan Yuli. Zagayen ƙarshe na kyautar Sarki ana yin sa ne daga yadi 900 da yadi 1,000, wato sama da mita 900. Masu cewa wannan harkar maza ce su sani wata mata, Marjorie Foster, ta cinye kyautar tun 1930. A Amurka akwai jerin gasa da ake kira Precision Rifle Series, wadda ita ce mafi yawan bidiyon da ke yawo a wayoyinmu, akwai kuma wata a Raton ta jihar New Mexico da ake kai harbi har mil biyu. An yi gasar duniya ta farko ta wannan sabon salo a Bitche ta Faransa a 2022. A nahiyarmu, Bloemfontein ta Afirka ta Kudu ce matattarar masu harbin nesa. Duk wannan mutum zai samu a intanet cikin minti goma, kuma a nan sauƙin ya ƙare.

Mu fara da doka, tunda ita ce masu bidiyo ba sa nunawa. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na gargajiya masu ɗuri ta baki, irin na mafarauta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsu da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar. Sai haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon yarje wa mutum ya riƙe. A cikin wannan gida na uku dokar ta ambaci bindigogi masu faɗin baki milimita 7.62 da sunansu. To, harsashin da ake harbawa a babbar gasar Bisley shi ne wannan ɗin dai, wanda Amurkawa ke kira .308. Ke nan jarumin labarinmu, tun kafin ya nemi biza, sai ya nemi sa hannun Shugaban Ƙasa. Ko gida na biyun ma, a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

A ce ya samu. Fita da makami daga ƙasar nan yana da nasa izinin, ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta ɗaure zirga-zirgar ƙananan makamai a Afirka ta Yamma. Ingila ba ta barin baƙo ya shigo da bindiga sai wani mazaunin ƙasar ya tsaya masa ya nemo masa takardar izinin baƙo daga 'yan sandansu. Amurka tana da fom ɗinta na musamman da ake cikewa tun da sauran watanni, a haɗa da shaidar gayyata daga masu gasar. Kamfanin jirgi ma da nasa sharaɗin. Sannan kuɗi: bindigar da madubinta dubban daloli ne, gasar kwana biyu takan ci harsashi wajen 200, bututun bindigar kuma yana cinyewa bayan 'yan dubban harbi sai an sake wani. Kowa ya buga wannan lissafi da farashin dala a Wapa.

Amma a ce Alhaji ya biya duka, tunda Kano ba ta rasa masu biya. Saura abin da kuɗi ba ya saya. Harsashi a tazarar yadi 1,000 yakan yi sama da daƙiƙa ɗaya da rabi a cikin iska, ya sauka ƙasa da kusan mita goma daga inda aka miƙa shi. Iskar da ba ta isa ta ɗaga hular mutum ba ta isa ta kauce da shi daga abin bara gaba ɗaya. Waɗanda ke cin waɗannan gasanni shekaru suka yi suna karatun iska, suna duban tutoci da ciyawa da rawar zafi a sararin fili, suna rubuta kowane harbi a littafi. Suna da fili kusa da gida da suke zuwa duk mako. Saurayin Sharaɗa ina zai yi wannan karatu? Filayen harbi masu tsawo a ƙasar nan na soja ne da 'yan sanda. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuma wannan ko gorar bai shuka ba.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu. Salon da samarin suka fi so shi ne wanda aka gina kan kwaikwayon maharbin soja: kaya masu launin daji, harbi daga bayan ganga da tayar mota da tagar gini, agogo yana gudu. A Amurka wannan wasa ne na ranar hutu. A ƙasar da ake tare hanyar Birnin Gwari, ake kwashe ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe, hoton saurayi cikin irin wannan shiga da irin wannan bindiga yana da wata fassara, kuma jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya tambayar sunan gasa ba. Marubucin da ke ƙawata wannan hoto ba tare da ya nuna nauyinsa ba yana sayar wa yara abin da shi ba zai bari ɗansa ya taɓa ba.

To sai me, a haƙura da wasan harbi ke nan? A'a. Muna cewa a fara daga inda duk duniya take farawa, wato mita goma.

Gasar bindigar iska ta mita goma tana cikin wasannin Olamfik. Babu albarushi a cikinta, babu ƙara mai firgita unguwa. Ɗan ƙwayar dalma ne mai faɗin milimita 4.5 da iska ke turawa, kuma tsakiyar abin baran ɗigo ne na rabin milimita, kamar ɗigon aya a ƙarshen wannan jimla. Harbi 60 ake yi a tsaye. Abin da ake gwadawa shi ne numfashi da natsuwa da iya tsayar da jiki. Da wannan wasa Abhinav Bindra ya ba Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Olamfik, a Beijing a 2008. Za a ce ai shi ɗan mai kuɗi ne, mahaifinsa ya gina masa ɗakin harbi a gida. Gaskiya ne. Amma bayan shi ƙananan ɗakunan harbi suka yaɗu har garuruwan karkara, daga cikinsu aka samu Saurabh Chaudhary, ɗan manomi daga wani ƙauye kusa da Meerut, wanda ya ci zinare a wasannin Asiya na 2018 yana da shekara 16. A Paris a 2024 Manu Bhaker ta ɗauko tagulla biyu. Ba ma sai an tafi Asiya ba, Masar ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta wannan fanni a Alƙahira a 2022. Jirgin Kano zuwa Alƙahira kuwa ba baƙo ba ne ga 'yan kasuwarmu da marasa lafiyarmu.

Me wannan wasa yake buƙata? Dogon ɗaki mai rufi, bango mai kauri, haske, ƙofa ɗaya da maigadi. Duk wanda ya zaga Sharaɗa kashi na ɗaya zuwa na uku, ko Challawa ta bayan masana'antun fata, ko tsofaffin layukan Bompai, ya san Kano tana da irin wannan gini fiye da yadda take so. Tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da kwararowar yadin Sin zuwa Kantin Kwari, masana'antu da dama suka yi shiru. Wasu sun koma sito, wasu jemagu ne ke kwana a ciki. Zauren da a da injinan saƙa ke jere a ciki zai ɗauki layin harbi goma sha biyu har a samu wurin zaman 'yan kallo. Bindigogin su zama na ƙungiya, masu lamba da rajista, a kulle a ma'ajiya, ba mai fita da ko ɗaya. Hedikwatar 'yan sandan jiha tana nan Bompai, sa ido ba zai zama tafiya mai nisa ba. Garin da ke ciyar da dawakin folo shekara da shekaru ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Aikin Hukumar Wasanni ta jiha ne da masu masana'antu da tarayyar wasan harbi ta ƙasa su zauna da 'yan sanda su nemo hanyar lasisin ƙungiya.

Mun san amsar da za ta zo, kuma ba ma raina ta. Za a ce garin da ya ga ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, ranar da aka kai hari har cikin wannan hedikwata ta Bompai aka kashe mutum sama da 180 a faɗin birni, bai kamata a yi masa maganar koyar da harbi ba. Waɗanda suka rasa 'yan uwa a ranar suna da haƙƙin faɗin haka. Sai dai a duba: waɗanda suka yi wannan ta'asa ba a ƙungiyar wasa suka koya ba, haka masu satar mutane a dajin Rugu ba su taɓa cike fom ba. Ɗan dabar da ke ƙwacen waya a Kurna ko Ɗorayi wuƙa yake riƙewa, kuma abin da ya rasa a rayuwarsa shi ne ainihin abin da wannan wasa ke tilastawa: wani babba da zai ce masa tsaya, yi numfashi, kada ka taɓa kunama sai an ba da izini. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce talakawa su nemi bindiga su kare kansu. Ƙasar da ta kai ga faɗin haka, ɗakin bindigar iska mai rajista ba shi ne abin tsoronta ba.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayin masu aiki da kalmomi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun bindiga a fada. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, maƙera har igwa suke ƙerawa. Jikokin waɗancan dakaru su ne ke cika gari da hayaƙi da ƙara a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, hawan da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a watan Disambar 2024. Sunansu 'yan bindiga. Ku faɗi wannan suna yau a gaban yaro ɗan shekara goma ku ji abin da zai zo masa a rai. Ɓarayin daji sun sace mana kalma sukutum, gidajen rediyo suna maimaita ta safe da yamma, har mai sarautar gargajiya sai ya yi ƙarin bayani kafin a gane irin ɗan bindigar da yake nufi. Hausa tana da maharbi, tana da baka da kibiya da kwari, tana da auna bara, tana da kirarin mafarauta da babu kamarsa. Marubucin da ya tsallake duk wannan ya je ya ɗauko jarumi daga fim ɗin Amurka, har da baƙin tabarau, ya bar miya a tukunyar gidansu ya tafi lasar murfin maƙwabta.

In har sai an rubuta labarin maharbi, ga shi nan a gabanmu. Yarinya ce ko yaro da mahaifinsa ya yi shekara ashirin yana gadin masana'antar da ta mutu a Challawa. Kakansa ɗan bindigar Sarki ne. Yana da ido da hannu, ba shi da fili, ba shi da lasisi, kuma duk ofishin da ya shiga da wannan magana kallon ɗan ta'adda ake masa. Mahaifiyarsa tana tsoron kada maƙwabta su ji. Wannan yaron zai yi babi goma kafin ya taɓa bindigar iska ta farko, kuma kowane babi yana da abin da mai karatu a Fagge zai gane ya ce haka ne. Wanda zai rubuta shi sai ya tashi ya je Sharaɗa ya auna zauren da ƙafarsa, ya zauna da 'yan bindigar fada ya tambaye su yadda ake ɗura toka, ya nemo dokar 1959 ya karanta jadawalin da ke ƙarshenta. Dokar tana intanet kyauta, jadawalin bai cika shafi biyu ba.