Horon kwana biyar, sai a ce pisikolog ne?

Ƴan uwa matasa, duk wanda ke cikin rukunonin WhatsApp na neman aiki ya san irin tallar da nike nufi. Hoto mai kyau, tambari a sama, an rubuta da Faransanci cewa za a ba da horo kan kwantar da hankalin waɗanda suka shiga tashin hankali, kwana uku ko biyar, a biya jika kaza, a ƙarshe a ba da takardar shaida. Ranar rufewa a ɗauki hoto kowa riƙe da atestasiyonsa. Sati bai zagayo ba sai ka ga mutum ya canza abin da ke ƙarƙashin sunansa a Facebook, ya zama pisikolog, ko koci, ko ƙwararre kan matsalolin aure da damuwa. Kuma wallahi mutane suna zuwa wurinsa, don bukata ta yi yawa.

Bukatar ba ƙarya ba ce. Tun harin da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairun 2015 akwai mutanen da barcinsu bai koma daidai ba. A jahar Maraɗi, tun 2019 muke karɓar ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, a yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, cikinsu har da matan da aka kashe mazansu a gabansu da waɗanda aka sace aka karɓi kuɗɗin fansa. Tilaberi kuwa ba sai an faɗa ba. Ga taramol da ke cin samari a fadodi, ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe gida ya rufe maganar don gudun abin kunya, ga wadda ta haihu ta daina magana da kowa aka ce mata iska ce. Duk waɗannan suna bukatar wanda zai zauna ya saurare su. Tambayata ita ce wa ya cancanci zama a waccan kujera, kuma wa ya tabbatar ya cancanta.

Aikin sauraron mai damuwa yana kama da hira, shi ya sa kowa ke ganin ya iya. Amma magana tana warkarwa tana kuma kashewa. Wanda bai koyi aikin ba sai ya tilasta wa matar da ta ga kisa ta ba da labarin daki-daki tun zaman farko, don shi a ganinsa in ta amayar za ta samu sauƙi, alhali ya tono mata ciwon ne ya sallame ta ta kwana da shi ita kaɗai. Sai yaro ya ce masa ya gaji da duniya, ya amsa da "yi haƙuri, kowa da tasa", bai san cewa wannan kalma ana tsayawa a kanta a yi tambaya kai tsaye ba. Sai ya ga mai jin muryoyi ya yi ta yi masa nasiha wata da watanni, alhali wannan aikin lokotoron ƙwaƙwalwa ne da magani. Mafi muni, sirri. A gari kamar Tawa ko Damagaram inda kowa ya san gidan kowa, in mai sauraro ya kai labarin wata fada ana shan shayi, ko da bai faɗi suna ba an gane ta kafin a sauke butar ta biyu. Aurenta na iya mutuwa a kan haka. To, ina za ta kai ƙara? Likita yana da majalisar likitoci da za ta iya hukunta shi. Lauya yana da tasa. Shi mai takardar kwana biyar ba wanda ya ba shi izini, don haka ba wanda zai karɓe.

Ɗaya gefen kuma ƴan uwanmu ne da muka zauna aji ɗaya da su. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen koyar da ilimin halayyar ɗan'adam. Mutum ya yi shekara uku ya samu lisans, ya ƙara biyu ya yi mastar, tare da yajin aiki da jiran kuɗin karatu da duk wahalar da muka sani. Ya fito, ƙungiya ta buɗe gurbin aiki, sai a ɗauki wanda ya tara atestasiyo goma sha biyu na tarurrukan otel saboda wai ya fi shi gogewa, ko saboda yana da wani a ciki. Muddin sunan sana'a ba ya da kariya a zahiri, shekara biyar da kwana biyar farashinsu ɗaya a kasuwa. Amma kada ƴan jami'a su ji daɗi da yawa, don ina da magana a kansu su ma. Karatun allo daban, zama da mai ciwo daban. Wanda ya haddace littattafai ya rubuta kundin mastar amma bai taɓa zama da mutum a ƙarƙashin idon wani ƙwararre ba, shi ma bai isa a sakar masa mutane ba. Diplom ba ta wanke shi.

Wasu ƙasashe sun sha wannan rigima kafin mu. A Faransa, wadda tsarin karatunmu ya ɗauko daga gare ta, doka ta kare sunan pisikolog tun 1985: sai mai lisans da mastar a fannin, tare da aikin gwaji. Amma sunan mai warkarwa ta hanyar magana ya zauna a buɗe har 2004 kafin a yi masa doka, dokar kuma ba ta fara aiki sosai ba sai 2010. Kun san abin da ya faru? Waɗanda ba su cika sharuɗɗa ba suka koma amfani da wani suna mai kama da shi wanda doka ba ta ambata ba, suka ci gaba da karɓar mutane. Wato in ka kulle suna kaɗai, za su haura ta katanga. A Ingila kuwa har yau kowa na iya kiran kansa mai ba da shawara, ƙungiyoyin ƴan sana'ar ne ke tantance makarantu su riƙe rajista. Babbar cikinsu, BACP, ba ta karɓar mutum sai horon da ya yi ya kai aƙalla shekara guda cur, da awa 100 na zama da mutane ana duba aikinsa. Kusa da mu, Gana ta kafa majalisar kula da wannan sana'a da dokar 2013, Kenya ta yi tata a 2014, Najeriya ta sa hannu kan dokar majalisar masu ba da shawara a 2022. Ba abu ba ne na Turawa kaɗai.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa. Za su ce ƙasar da ƙwararrunta ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna Yamai, in ka ce sai mai mastar zai saurari mutane, ai ka rufe ƙofa ga ƙauye baki ɗaya. Gaskiya ne, kuma ba wannan nike kira ba. A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006. Tsofaffin mata aka horar, kakanni, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama har shida, suna taimaka wa mutum ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Su a harshensu cutar sunanta yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa. An gwada shirin a kimiyyance, sakamakon ya fito a 2016, ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Hukumar lafiya ta duniya ma tana da irin wannan tsari na zama biyar wanda ba sai ɗan jami'a ba. Amma ku lura da abin da masu tallar otel ba su faɗa: waɗannan kakanni sun san iyakarsu, akwai wanda ke duba aikinsu a kai a kai, kuma in abu ya fi ƙarfinsu akwai inda suke tura mutum. Gajeren horo ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ba ka takarda a sallame ka ba mai bin sawunka, kai kuma ka ɗauki sunan da ba naka ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Shekara da shekaru ƙungiyoyin waje ne ke horar da mafi yawan masu wannan aiki a sansanonin gudun hijira, kowace da littafinta, da yawan kwanakinta, da tambarinta. Cikin waɗanda aka horar akwai matasa masu hazaƙa da suka yi shekaru suna aikin gaske a Difa da Tilaberi, sun fi wasu masu digiri sanin yadda ake zama da mai kuka. A 2025 hukumomi sun sallami CICR daga ƙasa, Amurka kuma ta yanke tallafin da take bayarwa ta USAID. Duk projen da ya rufe, mai duba aiki ya tafi, takardar da ke hannun matashi ta koma kamar kuɗin da aka daina karɓa. Gogewarsa ba ta shiga ko'ina, ba jami'ar da za ta lissafa masa ita, ba gurbin gwamnati da ya san da ita. Ana ta maganar ƴancin kai da sake gina ƙasa, na yarda. To cikin ƴancin kai har da ƙasa ta zama ita ke cewa ga wanda ya cancanci taɓa hankalin ƴaƴanta, ba wata ƙungiya mai kwangilar wata goma sha takwas ba.

Abin da muke nema daga ma'aikatar kiwon lafiya da ta ilimi mai zurfi bai fi ƙarfinsu ba, kuma bai cin kuɗɗi kamar gina asibiti. A zauna da malaman jami'a da likitocin ƙwaƙwalwa da waɗanda suka yi aiki a fili a shata matakai: mai taimakon farko a unguwa, mai ba da shawara da ya yi dogon horo, pisikolog, kowane da sunansa a Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, da abin da aka yarda ya yi, da inda ya kamata ya tsaya. A faɗi awa nawa na karatu, awa nawa na aiki ƙarƙashin kulawa. Makarantar da za ta koyar ta nemi amincewa kafin ta buga talla. A yi rajista da kowa zai iya dubawa a wayarsa, da lambar da za a kira a kai ƙara. A kuma buɗe hanya ga mai shekaru a fili ya zauna jarrabawa ya hau mataki, kada a ce masa ya koma farko. Malamanmu masu ruƙiya, waɗanda galibi su ake fara kai wa marar lafiya, su ma a gayyace su teburin, ko don su san alamun da ke cewa a wuce asibiti yau ba gobe ba.

Kafin a kai can, kai da ke shirin biyan kuɗin wata makaranta mai zaman kanta, ka tambaye su takardar izinin gwamnati ta wannan reshen karatu musamman, ba ta buɗe makaranta kawai ba, don abu biyu ne daban. Ka tambaya ko CAMES ta amince da diplom ɗin. Ita ce hukumar da ke tantance takardun manyan makarantu a ƙasashenmu, a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, ofishinta yana Wagadugu. Ka tambaya a wane asibiti ko wace cibiya za ka yi aikin gwaji, kuma wa zai duba ka, da sunansa da takardunsa. In suka fara cewa ana kan hanya, dosiye yana minista, ka riƙe kuɗɗinka sai ya fito.