Ɓarawo A Ke Kora, Ba Daji Ba

Akwai wata magana da ta kama bakin mutane a tashoshin mota na Sabon Gari da zaurukan Fagge, musamman direbobi da fatake masu bin hanyar Jos. Cewa su ke yi Dajin Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, saboda haka a sa masa gatari da wuta, a mai da shi fili, kowa ya huta. Mai wannan magana yana da uzuri, domin wanda aka tare a hanya ba ya manta wurin. Amma fa shawarar tasa ɓata ce, kamar ta mutumin da ya ƙone rumbunsa don ya kashe ɓera.

Kano ta taɓa rasa kurmi, ta kuwa san abin da ya biyo baya. Littafin tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara, mai duhun itatuwa da baƙin ruwa, tun zamanin Barbushe. Tsafin da a ke yi a cikinsa ya tafi, ba mai kukansa. Amma itatuwan ma sun tafi, ba abin da ya saura sai suna a bakin Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Jakara kuwa, da ta biyo ta gefen Fagge da Sabon Gari, ta koma magudanar ƙazanta. Wanda ya ke son ya ga ƙarshen rafin da aka raba da kurminsa, ba sai ya hau mota ba.

Falgore yana kudu da birni kimanin mil 90, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, girmansa ya fi eka 200,000. A shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Kogin Kano ta cikinsa ya ke ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Daga nan a ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, daga kogin nan kuma ma'aikatar ruwa ta Tamburawa ke ɗiba. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa. Kadan aka sare maɗaci da kawo da maje da ɗoka, ruwan damina zai kwashi yashi ya jibge a Tiga, madatsa ta cike, mai tumatir da mai famfo duk su ji a jikinsu.

Sa'an nan wai sarar daji za ta kawo lafiya? Ba duhun itace ke kiran ɓarawo ba, rashin mai tsaro ne. Sambisa gandun namun daji ne, da tsaronsa ya yi sakaci sai 'yan Boko Haram suka mai da shi sansani. Yankari kuwa, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, masu gadi suka riƙe shi, giwaye suka tsira a ciki. A 2017 soja sun shiga Falgore sun mai da wani sashensa filin horo. Madalla da wannan. Amma soja ba malamin daji ba ne, ba aikinsa ba ne ya san kiryar da aka sare jiya, ko gwankin da aka harbe a mashaya.

Abin da ya kamata sananne ne tun zamanin En'e. A share iyakar gandu kowace shekara. A yanke hanyoyin wuta, a yi ƙunar farkon kaka tun ciyawa tana da sauran ɗanye, don kada gobarar bazara ta cinye ƙananan itatuwa. A sassabe gefen hanyar mota yadda direba zai hangi gabansa, a bar cikin daji da duhunsa. A ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, a biya su a kan kari, domin su suka san kowane kwazazzabo. A fitar wa makiyaya burtali da mashaya, kada a haɗa mai sanda da mai bindiga a yi musu kuɗin goro. Inda aka yi ɓarna a sāke dashe, a bar bauna da gada da mugun dawa su hayayyafa.

Mutanen Fagge da Sabon Gari kuma kada su ce ba ruwansu. Buhun gawayin da mai shayi da mai tsire ke saye, da ƙyafaffen naman dajin da a ke ciniki a ɓoye, daga wani daji suka fito. Mai saye abokin mai sara ne. Ya wajaba hukuma ta tanadi gonakin darbejiya da turare don itacen girki, a ƙyale tsofaffin itatuwan da babu mai ran da ya ga dashensu.

Halifa Abubakar, Allah ya yarda da shi, ya hana rundunarsa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a fagen yaƙi. Ina dalilin wanda zai sare nasa da hannunsa? Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe wannan amana, amin.