Kunyar Turanci A Filin Jirgi Tana Ja Mana Asara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da mutanenmu ke shiga a filayen jiragen sama saboda Turanci.

Malam Edita, a yau hawa jirgin sama ya wuce na manyan ma'aikata da attajirai kaɗai. Manomi yakan sayar da amfanin gona ya tafi Umara. Ƙananan 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da Sabon Gari suna zuwa saro kaya Dubai da Alkahira da Guwanzu ta ƙasar Sin. Wata kuma mijinta za ta raka asibiti Masar ko Indiya. Alhazai da sauƙi, tunda a ayari suke tafiya, da jami'ai masu yi musu jagora. Amma falke ko mai jinya shi kaɗai yake, daga shi sai fasfonsa, kuma da zarar ya bar Kano duk allon da zai gani da duk sanarwar da zai ji, in ba harshen masu ƙasa ba ne to Turanci ne.

Abin da na lura da shi a 'yan tafiye-tafiyen da Allah ya sa na yi shi ne, ƙarancin Turanci bai kai kunya yi mana ɓarna ba. Za ka ga dattijo mai hankali, wanda a kasuwa ba a taɓa cutarsa ko da sisi ba, ma'aikaci yana yi masa tambaya, bai ji ko kalma ɗaya ba, amma sai gyaɗa kai yake yana cewa "yes, yes" don kada a ce baƙauye ne. Wannan "yes" ɗin ita ce take sa jirgi ya tashi ya bar mutum, ita ce take sa kaya su ɓata, wani lokaci ma ita take kai mutum gidan yari a ƙasar da ba shi da kowa.

Jama'a, mu san wani abu. Ma'aikacin da ke duba tikitinka a Adis Ababa Bahabashe ne, Amharanci ko wani harshen ƙasarsu yake yi a gida. Na Jidda Balarabe ne. Na Guwanzu ɗan Sin ne. A Dubai da Doha kuwa da yawa 'yan Indiya ne da 'yan Filifin da 'yan'uwanmu 'yan Afirka. Dukkansu koyon Turancin suka yi kamar yadda ake koyon kowace sana'a, kuma kowa da irin karin harshensa. A duniya ma waɗanda suka koyi Turanci sun ninka waɗanda suka tashi da shi a gida. To ina abin kunya? Ba wanda zai ba ka maki a kan nahawu. Abin da ake so kawai shi ne ka gane, a gane ka.

Su kansu matuƙa jirgin ba su tsira daga wannan ba. A shekarar 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, wasu manyan jirage biyu suka yi karo a kan hanyar tashi, mutum 583 suka mutu. Cikin dalilan da bincike ya gano har da rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da masu ba da izinin tashi daga hasumiya. Tun daga 2008 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da masu ba su izini a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su ci jarrabawar Turanci. Kuma ƙa'idar aikinsu ita ce in an ba matuƙi umarni ya maimaita shi, in bai ji ba ya ce a sake faɗa. In har mai tuƙa jirgi bai ji kunyar cewa a maimaita masa ba, ni da kai fasinja me zai sa mu ji?

Turancin filin jirgi kuwa bai taka kara ya karya ba. Kalmomi ne da ba su wuce ashirin ba, kuma iri ɗaya ne daga Kano har Sin. In ka ga "Departures", wurin masu tashi ne, "Arrivals" na masu sauka. "Check-in" nan ake auna kaya a ba ka katin shiga jirgi. "Gate" ita ce ƙofar da za ka bi ka shiga jirginka, kowace da lambarta. "Boarding" an fara shiga, "Final call" kiran ƙarshe ne, sai ka ɗaga ƙafa. "Delayed" an jinkirta, "Cancelled" an soke. "Baggage claim" wurin ɗaukar kaya, "Immigration" jami'an shige da fice, "Customs" kwastan. Wadda ta fi tuntuɓe da mutanenmu ita ce "Transfer" ko "Transit", hanyar masu canjin jirgi. Wanda zai je Guwanzu ta Adis Ababa, in ya sauka ya bi ayarin masu fita gari, to ya saki hanya, domin shi allon "Transfer" zai bi ya nemi ƙofar jirginsa na biyu.

Sai maganar lokaci. A tikiti awa 24 ake ƙirgawa, 14:30 ita ce biyu da rabi na rana, 21:00 tara na dare. Jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar Talata, daren Litinin ake zuwa filin, wanda ya bari sai daren Talata ya makara da yini guda. Kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da za a tashi ne ko za a sauka. Adis Ababa da Jidda suna gaban Nijeriya da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7. Ƙofar jirgi ma akan rufe ta tun kafin lokacin tashi, galibi da minti 15 ko 20. Wanda ya zauna yana kallon agogon gida, sai dai ya ji labari.

Haka kuma kowane filin jirgi yana da baƙaƙe uku da ake gane shi da su, su ake bugawa a takardar da ake liƙa wa akwati. Kano KAN ce, Abuja ABV, Legas LOS, Jidda JED, Madina MED, Dubai DXB. Guwanzu kuwa CAN ce, baƙi ɗaya ne ya raba ta da Kano. Ko wanda bai yi boko ba zai iya haddace baƙaƙe uku ya duba da idonsa kafin akwatinsa ya shige.

Inda abin ya fi tsorata ni, Malam Edita, shi ne maganar kaya. Akwai tambayoyi biyu da akan yi wa matafiyi: kai ka haɗa kayanka da hannunka? Akwai wanda ya ba ka wani abu ka kai masa? Mai gaskiya amsarsa ta farko e ce, ta biyu a'a. Wanda ya saba da "yes, yes" ya amsa laifin da bai yi ba. Wanda kuma aka haddace masa "yes, no" alhali yana ɗauke da ƙunshin saƙon da bai buɗe ba, ya yi wa hukuma ƙarya bai sani ba. Mu mutane ne masu zumunci, da wuya a ce mana "don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa ɗan'uwana a Jidda" mu ƙi. Amma Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanka, kai za a tambaya.

Ba mu manta ba da ɗalibar nan da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018, bisa zargin shigo da ƙwayar Tramadol. Sai da hukumar NDLEA ta bincika ta gano wasu miyagu ne a filin jirgin Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019, bayan wata huɗu a tsare. Ita da iliminta ke nan, kuma ba ta da laifin komai. Ina ga tsohuwar da ba ta san me aka rubuta a takardar da ke hannunta ba? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Don haka in an auna maka kaya, ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka ba ka. In akwati biyu ka bayar, biyu za ka gani. In ka ga uku, kada ka motsa daga wurin. Kuma ka adana su, domin in kaya suka ɓata da su za ka kai ƙara, tun kafin ka fita daga filin.

Shawarata ga 'yan'uwa matafiya ita ce, kowa ya riƙe jimloli huɗu kamar yadda yake riƙe kuɗin guzuri: "I don't understand", ban gane ba, "Please speak slowly", don Allah yi magana a hankali, "Please write it down", don Allah rubuta mini, "I need an interpreter", ina bukatar tafinta. Ka sa ɗanka ko ƙaninka ɗan makaranta ya rubuta maka su yadda ake furta su, da boko ko da ajami, ka yi ta bita. Ya kuma rubuta maka a takarda guda sunan masaukinka da lambar wayar wanda zai tarbe ka da ranar dawowarka, saboda su ne jami'in shige da fice ya fi tambaya. Manhajar fassara ta Google tana da Hausa, tana kuma taimakawa, amma waya takan mutu, intanet yakan yanke, takarda kuwa ba ta bukatar caji. In ka rikice, nuna katin shiga jirginka ga ma'aikaci mai kaki, zai nuna maka hanya da hannu. Matambayi ba ya ɓata.

Abu mafi girma, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a fassara maka ba. In aka tsare ka a wata ƙasa, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba ka damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, kuma Nijeriya tana da ƙananan ofisoshin jakadanci a Jidda da Dubai da Guwanzu. Mai fita da kuɗin da suka haura dala 10,000 kuma ya bayyana wa kwastan tun a gida, kada ya ce bai ji tambayar ba.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomi, domin nauyin ba a wuyan talaka kaɗai yake ba. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, tun 1925. Bayan shekara ɗari, bai kamata a ce Bahaushe yana raba ido a filin jirgin garinsu ba. Ina roƙon hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama ta tabbatar duk wata sanarwa a Kano da Sakkwato da Katsina da Kaduna ana maimaita ta da Hausa, a kuma rubuta Hausa a ƙarƙashin Turancin kowane allo, ta haka ma mutane za su koyi kalmomin kafin su fita waje. Maƙwabtanmu na Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, suka bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, ke nan harsunan suna iya zama tare ba faɗa.

Hukumar NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi su sa waɗannan kalmomi a cikin bitar maniyyata. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye, da suke karɓar kuɗinmu masu yawa, su riƙa ba kowane fasinja takarda guda da Hausa mai bayanin tikitinsa. Shugabannin kasuwanni su nemi malami ɗaya ya riƙa zama da masu niyyar fita ko da sau ɗaya ne a mako, kamar yadda aka yi azuzuwan yaƙi da jahilci a da. Gidajen rediyo ma su ware ko da minti biyar. Wanda ya iya lissafin yadi da dila da canjin dala a ka, kalma ashirin ba za ta gagare shi ba.

Ku kuma 'yan boko da Allah ya haɗa ku jirgi ɗaya da iyayenmu, in kun ga dattijo yana juya takarda a hannu, ku matsa ku ce, "Baba, ina za ka? Kawo in duba maka." Ba sai kun ɗaukar masa kaya ba, karanta masa lambar ƙofa kawai ya isa.

Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi gida lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwa mai karanta jaridarku,
Kano.