Wane Malami Ya Kamata Ya Shaidi Ɗalibi?

Ɗalibin da ya kammala sakandare a makarantar CEG ta Gbégamey, kusa da Zangon Kwatano, ba ya bukatar wasiƙar shaida idan Jami'ar Abomey-Calavi ya nufa, domin sakamakon bakaloriya, wato jarrabawar da ke rufe karatun sakandare, shi ake dubawa. Amma jami'o'in Amurka da dama sukan nemi takardar da malami zai bayyana halin ɗalibi da ƙwazonsa. A nan ne iyaye da yawa ke kuskure, sai su garzaya wurin mai babban muƙami saboda girman sunansa, alhali bai taɓa duba rubutun yaron ba. Malamin da ya koyar da shi lissafi ko falsafa a ajin ƙarshe, wanda ya ga inda ya yi tuntuɓe da yadda ya miƙe, shi ya fi cancanta. Jami'ar Musulunci ta Madina kuwa shaidar cibiyar addini ko ta sanannun malamai take nema, kuma ko a can ya kamata a fifita wanda yaron ya zauna gabansa. Wajibi ne a sanar da malamin da wuri, tunda wasiƙar da aka rubuta da Faransanci sai an fassara ta.