Firiza Ba Ta Kashe Ƙwayoyin Cuta, Barci Kawai Take Sa Su

Yau zan ajiye maganar karatu in shiga kicin, domin akwai aikin da kullum mu yaran gida ake ɗora wa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana shi. Abin da kawai muke ji shi ne "je ki saka a firiza" ko "je ka ɗauko a firiza."

Bayan Babbar Sallar bara, da aka gama rabo aka soya na soyawa, ni Umma ta sa na adana sauran naman layya. Na sami babbar leda na juye shi duka, na ƙulle na jefa a firiza. Bayan sati biyu muka tafi biki ƙauye muka kwana biyar. Da muka dawo akwai wuta, komai ya daskare kamar dutse, hankalinmu kwance. A daren nan gajiya ta hana girki, sai na ɗauko robar dafa-dukar da muka bari a ciki na ɗumama wa ni da autanmu. Ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba. Kafin tsakar dare mu biyun muna ta amai, shi har sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti. Washegari maƙwabta suka gaya mana cewa kwana uku cur aka yi babu wuta a unguwar bayan tafiyarmu. Wato komai ya narke, ya zauna cikin ɗumi, sannan ya sake daskarewa kafin mu iso. Naman kuwa da aka narkar da shi ya tona kansa da ɗoyi, dole muka zubar.

Sai da muka yi darasin ƙwayoyin halitta a makaranta na gane abin da ya same mu. Ana son firiza ta kasance a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, firji kuma kada ya wuce digiri 4 ko 5. A irin wannan sanyi na firiza bakteriya ba ta hayayyafa, amma yawancinta ba ta mutuwa. Tana nan kwance, da zarar abinci ya narke ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne kasuwarta ke ci, har wasu nau'o'in sukan ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Shinkafa kuma tana da nata abokin gaba mai suna Bacillus cereus, wanda ƙwayoyinsa ke tsira daga dahuwa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe cikin ɗumi sai ya saki guba, kuma wannan gubar ɗumame ba ya karya ta. Shi ya sa wutar da na ba dafa-dukar nan ba ta cece mu ba, kuma shi ya sa hanci ba alƙali ba ne a wannan shari'a.

To mene ne abin yi a gidan da ake ɗauke wuta ba sallama? Ma'aikatar Noma ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa firizar da take cike tana riƙe sanyinta kamar awa 48 in ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuma awa 24, firji kuwa awa 4 kawai. Da irin zafin da muke sha a watan Afrilu, ni dai ba na jira lissafin ya cika. Darasi biyu ne a ciki. Na farko, in babu wuta a daina buɗe ta don neman ruwan sanyi, kuma mu yara mu ne manyan masu wannan laifi. Na biyu, in babu kaya da yawa a cike gurbin da robobin ruwa ko fiya wata, su daskare su zama garkuwa. In wuta ta dawo a duba: abin da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya barinsa ya sake daskarewa, wanda kuma ya narke sarai ya saki jiki har ya ɗau ɗumi, a haƙura da shi.

Matsalar ita ce ranar da ba ka gida, kamar yadda ta faru da mu. Ga dabarar da nake yi yanzu. Na zuba ruwa rabin gorar roba, na kwantar da ita har ya daskare ta gefe guda, sannan na tsayar da ita a kusurwar firiza. Duk ranar da na ga ƙanƙarar ta koma gindin gora ta kwanta, na san an narke a bayana. Akwai kuma shaidar da na gani a bara ban karanta ta ba: jini ya taru a ƙasan ledar nama ya daskare ja wur. Irin wannan yakan zama alamar cewa naman ya narke ya sake daskarewa.

Kuskurena na biyu shi ne babbar leda. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye, wanda ya zauna a yankin Labrador na ƙasar Kanada, ya lura cewa kifin da mutanen Inuit ke kamawa cikin tsananin sanyi yana daskarewa nan take, kuma in an narkar da shi ɗanɗanonsa na nan kamar sabo. A kan wannan ya gina sana'ar daskararren abinci, aka fara sayar da kayansa a shaguna a 1930. Dalilin kuwa, in abu ya daskare da sauri ƙananan ƙanƙara ne ke fitowa a cikinsa, in kuma a hankali ne sai su yi manya su yayyaga tsokar, ruwanta ya tsiyaye wajen narkewa. Curin nama mai kilo biyar yana daɗewa kafin sanyi ya kai tsakiyarsa, kuma duk ranar da ake son na miya ɗaya sai an narkar da shi duka an mayar. Gara a kasa shi daidai girki ɗaya-ɗaya, a matse iskar ledar, a baje shi ya yi faɗi. Iskar nan ce ke busar da nama ya yi fari-fari. Wannan ba cuta ba ce, amma daɗinsa ya tafi. Haka ake yi wa markaɗen tumatir da attaruhu lokacin da suke araha.

Dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa biyu a waje, in ana zafi sosai ma awa ɗaya. A juye miya a ƙananan robobi marasa zurfi ta huce da wuri, kada a cusa tukunya da zafinta ta narkar da na kusa da ita. A rubuta kwanan wata a jiki, domin miya da farfesu bayan wata biyu zuwa uku sun fara rasa armashi ko da wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba. Masu saka zoɓo da kunun aya kuma ku bar sarari a saman gora, ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, kwalba kuwa fashewa take.

Wajen narkarwa nan ma muna da ɗabi'a: a fito da kaza da safe a ajiye a rana, sai la'asar a waiwaye ta. Kafin cikinta ya saki, bayanta ya yi awanni cikin ɗumi. A sa ta a ƙasan firji tun dare cikin kwano don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abinci, ko a nutsa ta cikin ruwan sanyi a ƙulle a leda, ana canza ruwan duk minti 30, a dafa da zarar ta saki.

Da Sallar bana na zo da ledoji da alƙalami ina ta kasafi, Umma na kallona tana dariya. Ta ce, "'Yar boko, da can da babu firiza me kike zaton muke yi?" Na ce, "Umma, soyawa kuke yi ku shanya." Ta ce to a koma can. Muka soya kaso mafi yawa ya soyu ƙarau, aka yi dambun nama da wani, ƙulli takwas kawai muka saka a firiza, kowanne da kwanan wata a jikinsa, gorata kuma na tsaye a kusurwa.