Ba Laifin Kaza Ba Ne

A ƙauyenmu, idan kaza ta fara yin ƙwai mai laushin ɓawo, ko tana fasa nata tana sha, sai a ce ta lalace, a kai ta kasuwa. A ganina mu ne da laifi. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kalsiyam wajen giram 2, dawa da dusa kuwa ɗan kaɗan gare su. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta jikinta yake ɗiba, har ƙafafu su kasa ɗaukarta.

Iyayenmu mata, don Allah ku daina zubar da ɓawon ƙwai. Ku gasa shi, ku daka da ƙonannen ƙashi, ku barbaɗa a tsaki kowace yamma, domin da dare ɓawon yake haɗuwa.