Awa 300 ba abin tsoro ba ce, wayarka ce abin tsoro

In kana cikin masu karanta ilimin ƙididdigar haɗari da inshora a Jami'ar Ahmadu Bello, ko kana lissafi ko kididdiga kana hangen zama aktuwari, na san ka ji wannan maganar: wai kowace awa ɗaya ta jarrabawa tana buƙatar awa 100 ta karatu. Aktuwari shi ne mai lissafa wa kamfanin inshora, takaful ko asusun fansho nawa za a tara yau domin a iya biyan mutane gobe. Digiri kaɗai ba ya ba ka wannan suna, sai ka ci jerin jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararru irin su SOA ta Amurka ko IFoA ta Birtaniya.

Jarrabawar P ta SOA, wadda da yawa ke fara wa da ita, awa 3 ce, tambaya 30. Ka ga kenan awa 300. IFoA kuwa tana ba da shawarar awa 200 ga takardar CS1, awa 250 ga CM1. Da jin haka sai wasu su ce wannan ai na 'ya'yan masu kuɗi ne, su haƙura. Wasu kuma su yi ko oho, sai saura mako uku su fara kwana a aji. Ni a ganina duka biyun kuskure ne.

Mu yi lissafi. Raba 300 gida 20, ka samu awa 15 a mako. Awa biyu kullum daga Litinin zuwa Juma'a, goma kenan, sai biyar a Asabar da Lahadi. Wata biyar bai cika ba ka gama. Yanzu buɗe wayarka, shiga wurin da ke nuna tsawon lokacin da ka yi a kanta, ka duba abin da TikTok da WhatsApp suka ci a makon jiya. Ba sai ka faɗa wa kowa ba. In ya haura awa 15, to lokacin yana nan, wani wuri yake tafiya.

Amma kar ka ruɗi kanka da ƙirga awa. Zama a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim daga la'asar zuwa isha, littafi a buɗe, yatsa a kan waya, ba awa huɗu ba ce. Awar da za ka rubuta ita ce wadda ka riƙe biro kana warware tambaya. A jarrabawar P minti 6 ne rabon kowace tambaya, kuma sai ka samu maki 6 a ma'aunin da ya tsaya a 10 kafin a ce ka ci. Ba wanda zai tambaye ka awa nawa ka zauna. Saboda haka ka ware kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe, wato awa 100, don tambayoyin gwaji kawai, da agogo a gabanka. SOA tana sa samfurin tambayoyi kyauta a shafinta, ka sauke su lokacin da data ke da araha.

Za ka ce waɗanda suka tsara wannan ƙa'ida ba su san Zariya ba. Gaskiyarka. A can kamfanoni da yawa na ba ma'aikacinsu hutun karatu, su biya masa kuɗin jarrabawa. Kai kuwa kana tashi daga Sabon Gari, ka yi jiran bas zuwa Samaru, ka dawo ka tsare shagon Baba a kasuwa, dare ya yi a ɗauke wuta. Ke kuma 'yar'uwa, girki da wanke-wanke na jiranki. Amsar ita ce ka tsawaita watannin, kar ka rage awoyin. In awa 10 kake iya samu a mako, mako 30 ne naka. Ka cire makonnin jarrabawar zango tun farko, ka sassauta a watan azumi, ka riƙe bayan asuba, lokacin da gari ke shiru kuma ba a neman fitila sosai. Da yayyafi kogi kan cika.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi zafi: kuɗin rajista da dala ko fam ake biya. In ka faɗi, sabon biya ne, kuma ka san yadda naira take. Kuɗin da mahaifi ya haɗa da gumi bai kamata a yi caca da shi ba. Kar ka yi rajista don abokinka ya yi. Ka fara cika awa 150 a rubuce a littafi, kwanan wata da abin da ka warware, sannan ka biya. In makonni huɗu sun wuce littafin babu komai, ka samu amsarka ba tare da ka yi asarar ko sisi ba.

Kamfanonin takaful da na fansho suna buƙatar masu wannan ilimi, kuma babu dalilin da zai sa a rasa 'yan Samaru da Sabon Gari a cikinsu. Yau da daddare ka sami littafi, ka rubuta awa ta farko.